Wayar Da Ta Bi Girma

Kwanan baya jikana ya zo gaishe ni, hannunsa duk farar ƙasa. Ya ce sun samu aiki a wata makaranta can bayan Zango, suna jan wayar talabijin daga ɗaki guda zuwa ajujuwa, kowane aji da akwatinsa. Na ce masa, ta ajin wa kuka fara? Ya dube ni kamar wadda gigin tsufa ya kama, ya ce, "Kaka, ai ta wanda ya fi kusa." Na ce madalla, Allah ya yi muku albarka, kun fi kakanninku hankali. Bai gane ba, ni kuma ban tsaya yi masa bayani ba, don in na ɗauko wannan zance har yau raina tafasa yake yi.

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba aka ɗauke ni koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a gefen Birni. Mu shida ne malamai, ni kaɗai ce mace, kuma ni ce ƙarama. Ɗaukar gwaji aka yi mini. Aka ce kafin shekara ta ƙare ansfekta zai zo ya duba ajina. In ya ga yarana suna buɗe baki da Faransanci, a tabbatar da ni. In bai gani ba, in koma gida. A gida kuwa akwai gwaggona, wadda ta riga ta zagaye unguwa tana cewa 'yar ɗan'uwanta ba za ta kai damina tana wannan aiki ba. Babana mai fataucin fata ne, Babarbare mai ƙarancin magana. Abin da ya ce kawai shi ne, tun da na nace, in je, amma kada in dawo masa da kuka.

Ajin farko aka ba ni, na 'yan ƙanana. Wasu 'yan cikin Birni ne, wasu kuma daga ƙauye aka kawo su aka ajiye wurin dangi, har da 'yan Gidimuni. Babu mai kalma ɗaya ta Faransanci a cikinsu. Rabinsu kuka suke yi a satin farko, sauran kuma suna kallon ƙofa. Ban san sa'ad da suka shiga raina ba.

Ginin makarantar na ƙasa ne, dogo. Ofishin dirakta a ƙarshen gabas, ajina manne da shi, bango ɗaya muke. In ya yi tari ina ji. Daga nan sauran ajujuwa suka jeru zuwa yamma. Akwai kuma ɗaki guda shi kaɗai can ƙetaren fili, gindin wata tsamiya, inda Baba Mushe yake koyar da manyan yara. Mushe muke ce wa malamin lakwal, daga Faransanci aka aro. Baba Mushe tsoho ne da ya fara koyarwa tun ba a haife ni ba. Shi ya koya wa dirakta kansa karatu, shi ya koya wa yayana. Ko a kasuwa ya bi sai ka ga manyan mutane suna cire takalmi.

Bayan an yi girbi wata mota ta kawo mana rediyo daga Yamai. Babba ce, ta kai akwatin kaya, da batirin mota take aiki. Tare da ita akwai ƙananan akwatuna shida na katako, kowane da yadi a fuska, da naɗin waya. Za a ajiye uwar a ofis, a ja waya zuwa kowane aji, a rataya ƙaramin akwati bisa bango. Kowace safiya wata mata za ta yi magana daga Yamai. Za ta faɗi jimla da Faransanci, ta dakata, yara su maimaita. Darasin 'yan ajin farko ne, domin su aka yi shi. Manya ɗan abin da ake yi musu sau ɗaya ne a sati. Aka kuma ce da wannan darasi ansfekta zai auna ni. Ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Washegari wani ma'aikaci ya zo daga gidan waya da tsani da guduma. Ya dubi ginin, ya ce aiki mai sauƙi ne. Zai huda bangon ofis ya shiga ajina, daga nan ya bi jeri har yamma, sannan ya ƙetara fili zuwa gindin tsamiya. Har ya ɗora tsani.

Dirakta ya ce, "Tsaya tukuna. Wane aji ka ce za ta fara shiga?"

"Na madam, ranka ya daɗe. Shi ne a kusa."

"Baba fa?"

"Shi ne na ƙarshe, tun da yana ƙetare."

Dirakta ya cire tabarau ya goge. Mutum ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba, amma in aka zo batun girma ba ya ji ba ya gani. Ya ce shi dai bai taɓa ganin inda aka kawo abu gida aka fara miƙa wa auta, babba yana zaune yana kallo ba. Ko ruwa aka kawo, ko goro aka fasa, kowa ya san hannun da ake fara sa wa. Ta yaya maganar da ta taso tun daga Yamai za ta shigo makaranta, ta gaida yarinya, ta gaida kowa, sai ta gaji sannan ta je wurin Baba?

Ma'aikacin ya ce waya in ta yi tsawo murya raguwa take yi, kuma kowane akwati yana cin rabonsa. Sau ɗaya ya faɗa. Da dirakta ya tambaye shi ko shi ba shi da babba a gidansu, sai ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, ya sauke tsaninsa.

Haka aka zauna rabon waya kamar rabon naman suna. Baba na farko, babu gardama. Na biyu wani tsohon soja da ke ajin ƙarshen yamma. Dirakta, don kunya, ya sa ajinsa na uku. Aka zo kan wasu malamai biyu da suka fara aiki shekara ɗaya, nan abu ya tsaya. Kowane ya ce shi bai damu ba, amma kowane fuskarsa a murtuke. Sai da aka aika cikin Birni aka tambayi tsofaffi wanda aka riga haihuwa. Ni ba wanda ya tambayi shekaruna.

Wayar ta fita ta tagar ofis, ta wuce ƙofar ajina ko kallona ba ta yi ba, ta ƙetara fili bisa sanduna zuwa gindin tsamiya. Ta dawo ta tafi ƙarshen yamma, ta juyo tsakiya, ta sake komawa baya, ta sake dawowa. Kafin ta iso ni naɗin ya ƙare. Aka cike da guntayen tsohuwar wayar tangaraho, ana murɗa wannan da wancan da hannu. Daga rediyon zuwa inda aka rataya akwatina, in ba don bango ba, da na miƙa hannu zan taɓa.

Ranar farko na jera yarana, na ce su yi shiru za su ji abin mamaki. Dirakta ya kunna. Can ƙetaren fili muka ji wani ruri ya tashi har tsuntsayen tsamiya suka watse. Namu akwatin kuwa sai wani ɗan zuuu, kamar ƙuda a cikin gora. Na hau benci na kafa kunne. Matar tana nan, tana magana, amma kamar daga ƙasan rijiya. Wani yaro ya ce, "Madam, ba ta da lafiya ne?"

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na gano shi. Akwatunan ba su da makunni. In an kunna a ofis kowa sai ya ji, ko yana so ko ba ya so. Baba Mushe a wannan lokaci lissafi yake koya wa manya, rurin yana damunsa. Sai ya kawo tsohon bargo daga gida ya lulluɓe akwatinsa. Tsohon soja ya cusa wa nasa tsumma. Muryar da nake nema ido rufe, ga ta can ana danne ta da bargo kowace safiya.

Na je wurin dirakta. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce yarana ba sa ji. Ya ce in yi haƙuri, kunnen yara ya fi na manya, za su saba. Na koma bayan sati. Ya ce zai duba. Na sake komawa, ya ce batir ne ya yi sanyi, aka kai shi gareji aka dawo da shi. Baba ya ƙara ninka bargonsa, ni ƙudana ya ɗan ƙara girma. Na ce to a ba ni izini in kwashi yarana mu zauna bayan tagar Baba a lokacin darasi, a ɗage bargon. Ya ce haba, in cika wa tsoho kunne da 'yan ƙanana yana tsakiyar aiki? Na ce to a buɗe ƙofar ofis mu ji daga uwar. Ya ce in an haɗa ta da waya ita ba ta magana da bakinta, kuma ofis ba wurin yara ba ne.

Sai muka koma dabara. Na kawar da bencina, na sauko da akwatin ƙasa-ƙasa, yara suka taru gindinsa kai da kai. Ban taɓa ganin 'yan ƙanana sun yi shiru irin wannan ba. Ko tari ya zo wa mutum sai ya toshe baki ya fita da gudu. Suna tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya. In matar ta dakata su maimaita, amma a hankali, yadda suka ji ta faɗa. Na yi ta cewa su ɗaga murya. In Hausa ce, ihunsu har ofis. Da an koma Faransanci sai raɗa. A wurinsu haka ake yin yaren, tun da mai shi haka take yi. Kuma suna tsoron in sun ɗaga murya su rasa farkon jimla ta gaba, wanda gaskiyarsu ne.

Da na ga lokaci yana tafiya na kai wa babana kuka, duk da ya ce kada in kawo. A garinmu yarinya ba ta tunkarar tsoho ta ce ga abin da take so ya bari. Babana ya saurara. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa wani amininsa ya ɗauki goro ya je gidan Baba Mushe.

Da safen Asabar sai ga Baba a ƙofar ajina da sandarsa. Yara suka miƙe. Ya tsaya ya saurari ƙudan namu, ya girgiza kai.

"'Yata, haka kuke fama tun da aka sa abin nan?"

"Haka ne, Baba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Na sunkuyar da kai. Ya san abin da ya hana.

Ya ce shi ba zai sa dirakta ya kwance aikin da ya yi don girmama shi ba, wannan cin fuska ne. Amma ɗaki ai ɗaki ne. In kwashi yarana mu koma gindin tsamiya, shi ya dawo nan da manyansa. Ya ce dama ƙafarsa ta gaji da ƙetare fili, kuma ƙaramar murya ta fi masa. Na durƙusa na yi masa godiya. Ranar muka yi ƙaura, manya suna ɗauke da bencina, ƙanana suna biye da alluna.

Da aka kunna ranar Litinin na yaye bargon. Matar ta ce mana barka da safiya da murya kamar tana tsaye a gabanmu. Yara biyu suka ruga waje, ɗaya ta fashe da kuka, sauran suka kwashe da dariya. Ashe matar har waƙa take yi a ƙarshen darasi, mu ba mu sani ba. 'Yan kwanakin nan da suka rage kafin hutun tsakiyar shekara su ne mafi daɗi a aikina. Har bakin yaran ya fara buɗewa.

Muka tafi hutu muka dawo. Tun daga bakin ƙofar makaranta na ga sandunan fili sun canja wuri. Dirakta ya tarye ni da fara'a, ya ce albishirinki, an yi gyara a lokacin hutu. Tun da Baba ya dawo kusa da ofis, ya kira ma'aikacin gidan waya ya huda bango, yanzu magana tana fitowa ta faɗa ajin Baba kai tsaye. Sauran kuma kowa yana matsayinsa.

"Ni fa, mushe dirakta?"

"Ke ma kina matsayinki mana."

Matsayina shi ne ƙarshe. Yanzu kuma ƙarshen yana ƙetaren fili. Wayar sai ta gama zagayenta na yamma da tsakiya, sannan ta kama hanyar tsamiya bisa guntayen tangaraho. A da ƙuda muke ji. Yanzu in iska ta kaɗa sandunan ko ƙudan babu.

Ranar na manta da tarbiyyar gidanmu. Na ce masa Baba da kansa ya ba ni ɗakin nan don yara su ji. Na ce darasin na 'yan ƙanana ne, ba na masu furfura ba. Na ce waya ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, ƙarfe ce. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Madam, so kike a ce a cikin Birni ni na sa malamina a bayan 'yar cikinsa? Da wane ido zan dubi mutane?"

Baba ya ji, ya zo da kansa ya ce wa dirakta shi wallahi bai damu ba, a sa shi ƙarshe, a ma cire nasa akwatin. Dirakta ya durƙusa har ƙasa ya ce irin wannan tawali'u shi ya sa ba za a taɓa sa kowa gabansa ba. Baba ya ce to za mu sake musayar ɗaki. Dirakta ya ce duk inda Baba ya sa ƙafa nan waya za ta bi shi, ko da kuwa bisa tsamiya ne. Tsohon ya dube ni, na dube shi. Ya buɗe hannuwa, ya juya ya tafi. Har yau ban san wanda zan fi jin haushi ba, don babu mugu a cikinsu. Da akwai mugu da na san inda zan sauke fushina.

Na ci gaba da abin da zan iya. In hau benci in manna kunne, in tsinci rabin jimla, in juyo in faɗa wa yara da ƙarfi. Kafin in juya matar ta wuce gaba. Bayan darasi in sake yi musu da bakina, abin da na kama da abin da na cike da ka. Sun iya abubuwa da yawa, Allah ya sani. Amma raɗar ta dawo, ta ma fi da.

Ansfekta ya zo da bazara, ana tsananin zafi. Nasara ne, dogo, rigarsa ta jiƙe da gumi tun kafin ya zauna. Ya ja kujera can bayan aji, dirakta yana tsaye gefensa. Aka kunna. Yarana suka taso suka taru gindin akwati kamar kullum, suka kafa kunne. Matar ta yi zuuu, suka amsa. Daidai suka amsa, ni da ke kusa na ji, ko kuskure ɗaya babu. Amma daga bayan aji abin da mutum zai gani shi ne tarin yara a tsugune suna motsa leɓe. Nasaran ya kira wata yarinya ya tambaye ta sunanta da Faransanci. Ta matso ta raɗa masa amsa. Ya sa hannu a kunne, ta ƙara rage murya don ladabi.

Ya tambaye ni me ya sa ba sa magana. Ban ɓoye ba. A gaban dirakta na ce akwatin ne ba ya ji, na bayyana masa yadda aka ja wayar da dalilin da ya sa. Ina magana ina ganin fuskarsa, na san bai fahimta ba. A ganinsa babu mai hankalin da zai ja waya haka, don haka ni ce ke neman abin fakewa. Ya tambayi dirakta ko rediyon tana aiki. Dirakta ya ce ƙwarai, ya zo ya ji. Suka ƙetara fili zuwa ajin Baba, aka ɗage bargo, ruri ya tashi. Nasaran ya gyaɗa kai.

Kafin azahar an yanke magana. Ya ce ajin farko shi ne tushe, bai kamata a bar shi hannun sabuwar malama ba, wadda kuma ke ɗora laifinta kan kayan aiki da shugabanta. A ba wa wanda ya fi kowa daɗewa. Manya dirakta ya haɗa da nasa. Ni in huta. Dirakta ya raka ni har ƙofa yana ba ni haƙuri, idonsa ya yi ja, kuma na tabbata har zuciyarsa yake yi. Da na shiga gida, gwaggona sai ta miƙo mini tsintsiya.

Bayan kwana biyu na koma ɗaukar 'yan kayana da na bari a gindin tsamiya. Ban yi niyyar zuwa lokacin darasi ba, ƙafata ce ta kai ni. Ɗakin babu kowa. An kwashe yarana an mai da su tsohon ajinmu, kusa da ofis, wurin Baba. Ina tattara kaya sai na ji matar ta fara, tun daga ƙetaren fili, tas. Baba bai sa bargo ba. Ta faɗi jimla ta dakata. Aka yi ɗan shiru, sai na ji muryar tsohon yana cewa, "Ku buɗe baki mana, jikokina, ba gidan makoki ba ne." Ta sake faɗa. Sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, da ƙarfi, har da masu ihu don jin daɗi. Ina gane muryar kowane ɗaya. Duk abin da muka tsinta gindin akwati yana nan a bakinsu, ga shi yana fitowa.

Na zauna bisa saiwar tsamiya da ƙunshina a cinya. Daɗi ya kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan yi wa kuka, na yi wa duka biyun. Abin da na yi watanni ina roƙo ke nan, ga shi an ba su, ba a kwance waya ko ɗaya ba, ba a ɓata wa kowa rai ba. Ni kaɗai aka cire.